Bayan An Ce An Kashe Waya

Sakkwato, farkon Oktoba

Zuwa ga Kawu Kalilu, Gangara.

Assalamu alaikum. Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Inna Kande da yaran makarantarka. Ni ce Ikilima, ɗiyar 'yar'uwarka Nana ta Sabon Birni. Ina lafiya, sai ɗan zazzaɓi da na yi farkon zango, kuma ya wuce. Tun da aka datse layin waya a yankinmu ban ji muryar kowa ba, sai abin da Anas direba ya faɗa mini in na tare shi a tasha. Shi zai kawo maka wannan takarda.

Kawu, alfarma nake nema. A wannan zangon muna da kwas na sadarwa. Malamarmu ta raba mu mutum biyar-biyar, kowane rukuni zai yi bincike, ya zo ya tsaya gaban aji ya gabatar da abin da ya samo. Mu abin da muka zaɓa shi ne yadda mutane ke isar da saƙo idan babu waya. Da muka zauna, kowa ya yi ta kawo abin da ya karanta a littafi. Ni kuwa na ce musu ina da kawu wanda yanzu haka shi ke rubuta wa mutanen garinsu wasiƙa, shi ke karanta musu wadda aka aiko, shi ke sanarwa bayan sallah. Sai duk suka ce ai wannan shi ne aikin.

Shugabar rukuninmu Maimunat ce, 'yar cikin garin Sakkwato. Ɗakinmu ɗaya da ita tun shekarar farko, ita ta yi jinyata lokacin zazzaɓin nan. Akwai Mubashshir mai haɗa bidiyo, da wasu biyu. Mun yi yarjejeniya ba a yanke komai sai kowa na zaune. Mutanen kirki ne, Kawu, ni na tsaya musu.

In ka yarda, za ni taho gida hutun rabin zango tare da Maimunat, mu haɗu gidan Innarmu, mu ɗauki hirar da waya. Ba sai mun shigo Gangara ba. A gaishe da Inna Kande, a ce ina tambayar gwiwarta.

Ɗiyarka,
Ikilima

*

Gangara, Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗiyata Ikilima.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, mun gode Allah da jin kin warke. Muna nan lahiya. Gwiwar Kande tana nan yadda kinka san ta, in ta zauna sai an ɗaga ta. Gero mun kai shi rumbu, dawa ce ta rage, kuma gonakin nesa kowa ya haƙura da su bana. Yaran makaranta sun ragu, wasu iyayen sun tashi.

Na karanta buƙatarki, na karanta ma Kande. Ita ba ta so ba. Tac ce zamanin ga bakin mutum shi ka yanka wuyanai. Na ce mata ni da Nana kakanmu guda, kuma wagga yarinya ita ce ta farko cikin zuri'armu da ta kai jami'a, in ba mu taimake ta ba wa za shi taimake ta?

Na yarda, amma ki ji sharaɗina da kyau. Kada a nuna fuskata. Kada a ambaci sunana ko sunan garinmu. Kuma abin shi tsaya cikin ajinku, tsakaninku da malamarku. Ba rowar ilimi nake ba. Ke kin san inda muke zaune, abokiyarki ba ta sani ba, sai ki fahimtar da ita.

Za ni shigo Sabon Birni ranar kasuwar da ta yi daidai da hutunku, in Allah ya yarda. Ki ce ma Nana ta dama fura da yawa.

Kawunki,
Kalilu

*

Sakkwato, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Kawu Kalilu.

Assalamu alaikum. Kawu, da fatan ka koma gida lafiya tun ranar nan, kuma kowa yana lafiya. Ni kam lafiya lau, har na rasa inda za ni sa kaina don murna.

Mun gabatar! Bari in ba ka labari tun daga farko. Kafin ranar mun sha wahala. Sau da yawa mukan sa lokacin gwaji, mutum biyu su zo, uku su ɓace. Har faɗa muka yi da Mubashshir don ya yanke wurin da kake bayanin yadda mata ke ɗaukar saƙo zuwa kasuwa, wai ya yi tsawo. Na ce in ya yanke wannan, to me ya rage? Maimunat ce ta raba mu, ta ce kowa ya faɗi dalilinsa ba a katse shi ba. Aka mayar da wurin. Na koyi wani abu a nan, domin da na saurare shi sai na ga shi ma yana da gaskiya a wani wurin.

Ranar gabatarwa ajin ya cika har da masu tsayuwa a taga. Ni aka ba buɗewa. Kawu, na tashi na tsaya gabansu, kowa yana kallona. Na manta kalmar farko ɗungurum. Maimunat ta matso ta raɗa mini, "Kalli bangon baya, ki yi kamar Innarki kike ba labari." Na yi hakan, bakina ya buɗe.

Da aka kunna majigi muryarka ta fito, kowa ya kasa kunne. Fuskarka a rufe take kamar yadda ka ce, hannuwanka kawai ake gani da alƙalami, kuma mun rubuta "wani malami a wani ƙauye". Inda ka ba da labarin tsohuwar da ta sa ka karanta mata wasiƙar ɗanta har ta haddace, na ga wata ɗaliba tana share hawaye. Malamarmu ba ta yabon mutum, amma ta ce wannan shi ne aikin rukuni, kowa ya kawo abin da ɗaya ba shi da shi. Mu muka fi kowa maki.

Kawu, maganarka ta kai inda ba ka taɓa zato ba. Har yanzu mutanen da ban sani ba suna tare ni a hanya suna cewa, "Ke ce mai kawun nan?" Ban san yadda za ni gode maka ba.

Maimunat tana gaishe ka, tana gaishe da Inna Kande, ta ce man shanun da ta aiko mata har gidansu an ci an sa albarka.

Ɗiyarka,
Ikilima

*

Isa, Rabi'us Sani

Ikilima,

Salamu alaikum. Muna da rai. Ki duba saman takardar ga ki ga daga inda nake rubutu.

Takardarki ta ishe ni nan Isa, gidan Abubakar Siddiƙ wan Kande, bayan ta yi yawo hannun direbobi. Na karanta inda kinka ce maganata ta kai inda ban taɓa zato ba. Gaskiya kinka faɗa. Ashe kin sani, har murna kike.

Bari in gaya miki yadda ta kai. Na fito makaranta da hantsi, na bi ta rumfar mai cajin waya. Na ga mutane sun yi cincirindo kan waya guda. Wani yaro matashi ne yad dawo daga wajen iyaka, inda suke zuwa kamo layin Nijar, shi yat taho da abin da suke kallo. Ban kai gare su ba sai na ji muryata. Na tsaya. Da sunka gan ni, sai anka buɗa mini hanya kamar gawa za ta wuce. Na karɓi wayar. Ga ni zaune tsakar gidan Nana, ga fuskata, ga kwanon fura gabana. Sama an rubuta da manyan baƙaƙe: Malamin Gangara ya tona asirin infoma.

Ba hirar da munka yi ba ce. Kin tuna da munka ƙare, abokiyarki tac ce, "Shi ke nan Kawu, na kashe." Ke kinka shiga ɗaki taya Nana kwasar tuwo. Ita ta zauna tana mini hira kamar ɗiyar cikina, wayar tana bisa cinyarta. Tac ce, "Kawu, to su mutanen daji ya suke samun labari tunda babu waya?" Ni kuma da wautar tsufa na ce, "Da bakinmu, ɗiyata. Akwai wanda muke tsayawa sahu guda da shi, in an sallame sallah, shi kai musu labarin wanda yas saida sa." Wannan maganar ita ce yanzu cikin kowace waya daga Gangara har Kurawa. Ba a buƙatar layi, hannu da hannu ake tura ta.

Liman yak kira ni zaurenai. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa yay yi, "Malam Kalilu, ba mu iya tsare ka, kuma zamanka shina jawo muna ido." Na rufe makaranta. Na ce ma yara hutu ne. Mun fito ranar kasuwa cikin mutane, ni da Kande, da ƙullin kaya guda kamar masu zuwa cefane. Dawata tana tsaye gona, ta nuna, ban san wa za shi yanke ta ba. Kande ta yi tafiyar da gwiwarta ba ta yi ba shekara da shekaru, kuma har munka iso ba ta ce mini "na gaya maka" ba. Shirun nata ya fi mini ciwo.

Abu uku na roƙe ki. Ba kuɗi na nema ba, ba suna na nema ba. Kin ce kin tsaya musu. Na zauna gaban wayar baƙuwa don ke kinka kawo ta, na ci abinci da ita don na ga kanki da nata kan tabarma guda. In maki kike so, da kin faɗa mini farashinai tun farko in ga ko ina iya biya.

Nana ta aiko wai kina shirin tahowa in an yi hutu. Kada ki zo.

Kalilu

*

Sakkwato, farkon Disamba

Zuwa ga Kawu Kalilu, Isa.

Assalamu alaikum. Kawu, ina yi muku barka da tsira, kai da Inna Kande. Ban san ta inda za ni fara ba. Wallahi, tallahi, ban san da wannan bidiyon ba sai da na karanta takardarka. Da na ce maganarka ta kai nesa, ajinmu nake nufi da 'yan sashenmu. Masu tare ni a hanya na ɗauka labarin gabatarwarmu suka ji. Ashe ni kaɗai ce ban san abin da suke kallo ba.

A tasha na karanta takardar, a tsaye. Daga nan ban koma ɗaki ba, na wuce neman Mubashshir, tunda shi ke riƙe da hotunan. Na same shi gaban sashe cikin abokansa, na zage shi tas, na kira shi maci amana. Da na gaji ya ce, "Zo ki gani." Ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani zauren hira da suka buɗe su huɗu. Babu ni a ciki. An buɗe shi tun kafin mu gabatar.

Na karanta da idona, Kawu. Maimunat ta tura musu wancan guntun ta ce, "Wannan shi ne labarin gaske, na aji wasan yara ne." Wani gidan labarai na intanet ne ya sa gasa, wanda labarinsa ya fi yawo za a ɗauke shi horo, kuma za a ambaci sunayen rukuninsa. Mubashshir ya rubuta, "Mutumin nan ya kafa sharaɗi, za a jefa shi cikin haɗari." Ta ce ai ƙauyen ba layi, wa zai gani? Ya ce a tambayi Ikilima. Ta ce, "Ikilima ba za ta iya duban abin da idon aiki ba, ɗan'uwanta ne." Sai suka yi ƙuri'a. Sauran biyun suka bi ta. Ta rubuta, "Rinjaye ya yi."

Na ce wa Mubashshir, "Kai da ka ƙi, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "An kayar da ni a ƙuri'a. Na ga in na faɗa miki rukunin zai watse kafin mu gabatar."

Ka ji mai kirkin cikinsu ke nan.

Na tarar da Maimunat a ɗaki tana guga. Na ajiye takardarka a kan hijabin da take gogewa, na ce ta karanta. Ta karanta har ƙarshe. Na ce a raina yanzu za ta yi kuka, mu yi tare. Sai ta ninke ta miƙo mini.

"Ban so ya kai haka ba," ta ce. "Amma Ikilima, ki duba, taimakonsu na yi. Yanzu duniya ta san halin da suke ciki."

Na ce, "Kin ce masa kin kashe."

"Duk ɗan jarida yana yin haka. In mutum ya san ana ɗauka ba ya faɗin gaskiya."

"Kin kwana ɗakin Innata. Kin kira shi Kawu."

Ta ce, "Kada ki mayar da aiki maganar gida."

Kawu, wannan ita ce ta riƙe mini kai ina amai lokacin zazzaɓi. Ita ce ta raɗa mini abin da za ni yi ranar da murya ta ƙwace mini, alhali a ranar ta riga ta san abin da ke cikin wayarta. Ina ta juya wannan a raina, na kasa haɗa mutum biyun su zama ɗaya.

Na je wurin malamarmu na faɗa mata komai. Ta sa an sauke bidiyon a ranar daga shafin intanet ɗin da suka ɗora shi. Na san hakan bai goge shi daga wayoyin Gangara ba.

Ni na kawo ta. Wannan ba ni da abin cewa a kai. Amma kada ka zauna da tunanin na sayar da kai ina dariya.

Ɗiyarka,
Ikilima

*

Sakkwato, ƙarshen Disamba

Zuwa ga Kawu Kalilu.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma sanyin bana bai tayar wa Inna Kande da ciwon gwiwa ba. Ni ina nan. Na bar ɗakinmu, ina raɓe wurin wata 'yar Kurawa.

Ban ga amsarka ba. Anas ya daina bin hanyar, wani direban na ba waccan takardar, ban sani ba ko ta iso ka ƙi amsawa ne. Kullum ina komawa kan layinka na ƙarshe. Kada ki zo. Na gane, Kawu. In ka cire ni daga cikin 'ya'yanka, ba za ni ce ka zalunce ni ba. Hutu ya zo, ban je ko Sabon Birni ba, don ban san da wane ido za ni dubi Innarmu ba.

Akwai abin da nake so ka sani ko da ba za ka amsa ba. Kafin a rufe kwas ɗin, malama ta ce kowa ya tashi shi kaɗai ya faɗi darasin da ya koya daga aikin rukuni. Mutane suka yi ta tashi. Wannan ya ce haƙuri, wancan ya ce rabon aiki. Maimunat ta tashi ta yi magana mai daɗi a kan yadda shugaba ke ɗaukar mataki mai wuya, aka tafa mata.

Da aka kira ni ban ɗauki takarda ba. Ban ambaci sunanka ko garinku ba, ko da yake kowa ya riga ya sani. Na ce mutumin da kuka ji muryarsa kuka yi hawaye yanzu ba ya gidansa. Na ce ya bar makarantarsa da dawarsa a gona. Na ce an koya mana rinjaye ke yanke hukunci a rukuni, amma mutum huɗu sun yi ƙuri'a a kan wuyan wanda ba ya cikin ɗakin, kuma babu ɗayansu da zai kwana a garin da maganar za ta sauka. Na ce mun tsara wanda zai buɗe da wanda zai rufe da wanda zai danna majigi, ba mu taɓa tsara wanda zai tsaya wa mutumin da ya ba mu bakinsa ba. Na ɗauka ni ce, ashe an cire ni ban sani ba.

Muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Abin da na yi ta roƙon Allah ya ba ni tun farkon zango ke nan, ga ranar da ya zo.

Ba wanda ya tafa. Wani daga baya ya ce, "Tonon silili." Malama ta ce ya fita. An kai maganar gaban kwamitin sashe, an rage wa rukuninmu maki har da ni, an ba Maimunat takardar gargaɗi. Makon da ya wuce na ji gidan labaran nan sun ɗauke ta horon. Mun haɗu a bakin ɗakin karatu, ta gaishe ni kamar ba komai, har tana tambayata ya Kawu.

Ba ni da abin da za ni iya gyarawa daga nan. In akwai wanda za ni iya, ka aiko ko da a bakin direba ne.

Ikilima

*

Isa, Jimada Sani

Zuwa ga ɗiyata Ikilima.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lahiya gwargwado. Kande ta kwanta da sanyin ga amma ta tashi. Na samu wata makarantar allo nan unguwar, ina taya mai ita da yamma.

Takardunki biyu rana guda sunka iso, ta farkon ta kwana cikin motar da ta lalace. Na karanta su, na karanta ma Kande. Da na ƙare tac ce, "Yarinyar ga tana cin abinci kuwa?"

Da na ce kada ki zo, hanya nake nufi. Makon da na rubuta an tare motoci tsakanin nan da Sabon Birni. Ina cikin fushi da ke, amma ban kai ga son a ɗauke ki ba. Shi ma wancan layin naki, na cewa maganata ta kai nesa, na karanta shi da idon wanda anka kora daga gidanai. Na yarda ba ki sani ba. Zafin bai tafi ba, don ko an ce maka ba ɗanka ne yas sa wuta ba, rumbun dai ya ƙone. Dawata maƙwabta sun yanke, sun aiko da abin da sunka aiko.

Amma akwai abin da ya fi dawa, shi yas sa nake rubutu. Cikin maganar nan ban ambaci sunan kowa ba, don ban san kowa ba. Zato ne irin wanda kowa ke yi cikin zuciyarshi. Na ce sahu guda, ina nufin cikinmu yake. Su kuwa mutanen gari sai sunka zauna suna lissafin wa ke tsayawa kusa da Malam Kalilu in ana sallah. Yari ne, mai gyaran keke. Shekara da shekaru nan yake tsayawa, don kunnenai guda ba ya ji, shina son kusa da liman. Samarin da ke gadin gari sunka same shi rumfarshi. Sun karya mishi hannu da haƙarƙari kafin dattawa su iso. An ƙone rumfar. Matarshi ta kwashe yara ta koma gidansu, don ba mai saye ko saida musu.

An kawo shi asibiti nan Isa. Na yi kwanaki ina kai da komo ƙofar, kafin na iya shiga. Da yag gan ni yay yi ƙoƙarin tashi zaune, don girmamawa, Ikilima. Na riƙe shi. Yad dube ni yac ce, "Malam, ni kake nufi?"

Na ce, "Wallahi Yari ba kai ba ne. Ban nufi kowa ba."

Yac ce, "Ni na sani. To su wa za shi gaya musu?"

Na ce za ni rubuta ma liman takarda a karanta masallaci.

Yac ce, "Takarda kowa na iya rubutawa, za su ce tausayina ka ji. Cikin waya sunka gan ka. In ba cikin waya sunka sake ganinka ba, ba su yarda."

Na fito na zauna bakin asibitin har anka kira la'asar. Kande ta ce in na sake zama gaban waya na rufe ma kaina hanyar Gangara har abada, don wanda ke kai rahoton na gaskiya zai ga har yanzu bakina bai mutu ba. Ta yi gaskiya, kamar wancan karon. Amma ni ina da ɗakin Abubakar Siddiƙ da nake kwana. Yari in an sallame shi ba shi da inda za shi.

Abin da kinka tsaya kinka faɗa gaban ajinku, na ji, Allah shi saka miki. Su can sun ji sun tashi sun tafi cin abinci. Wanga aikin shi ne wanda za a ji inda ya kamata. Kin iya ɗauka, kin ga yadda ake yankewa da haɗawa. Direbobi sun ce hanyar ta ɗan lafa, ana tahowa cikin ayari da safe. Ki biya Sabon Birni ki gaida Nana tukuna, ta ƙosa da ganinki. Sa'annan ki taho, ke kaɗai, ba abokiya, ba rukuni. Abin da na faɗa za ki kunna mini in ji da kunnena kafin shi fita ƙofar gidan ga.

Ban ce miki na huce ba, Ikilima. Cewa na yi ki taho da wayarki, kafin a sallami Yari.

Kawunki,
Kalilu